Matar da ta sha kokon gidanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ƙanwata ta bugo min waya daga Keffi, wai Mama Rashida ta rasu.

Yaran Angwan Iya sun san ta a matsayin tsohuwar Bayarabiya mai shagon atamfa, mai masifa in ka taɓa kaya ba ka saya ba. Ni da wani abu daban na san ta.

Lokacin da kwalara ta fara shigo mana, zamanin soja, ina firamare. Yayana Sani ya kamu, kafin a ankara ya rasu. Babanmu ya daɗe da rasuwa, kokon da Inna ke sayarwa a ƙofar gida shi ne abincinmu.

Kafin sadakar uku magana ta zaga gari, wai a kokon ya ɗauki cutar. Ba wanda ya gani, kowa ji ya yi. Masu ta'aziyya daga waje suke tsayawa. In mun zura guga a rijiya sai kowa ya janye nasa. A aji aka bar min benci ni kaɗai. Har waɗanda ba su taɓa shan kokonmu ba suka riƙa rantsuwa cikinsu na murɗawa.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Ana ta mutuwa, kowa ta kansa yake yi.

Inna ta dama, ba mai saye, ta zubar. Ta ce ta daina.

Washegari sai ga Mama Rashida da kofinta, ta zauna bakin titi inda kowa zai gan ta.

"Maman Sani, dama min. Ki sa sukari da yawa."

Kullum haka, tana kurɓa da ƙarfi tana gaisa da masu wucewa. Da aka ga ba ta faɗi ba, a hankali aka dawo saye.

Da Sallar da ta wuce na je gaishe ta, ido ya yi rauni amma bakin na nan. Na ce, "Mama, ke ba ki ji tsoro ba lokacin?"

Ta yi dariya. "Tsoro? 'Yata, ina gama sha nake rufe shago, in je in zauna kusa da bayi ina jira. Ni ko kokon ma ba na so. Amma in uwarku ta sauke tukunya, me za ku ci?"

Allah Ya jiƙan ta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara, Ya ba 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.