Alƙiblar da ta kai mu bakin teku

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga unguwar Al Muntazah da ke Doha, mu uku a wata tsohuwar jif ta aro: ni a sitiyari, sai wani ɗalibi mai neman digirin dakta, da maƙwabcina mai aikin gadi. Ɗalibin ne ya ishe mu da labarin wasu duwatsu da mutanen dauri suka jera a da'ira can saharar yamma, har na ce mu je mu gani ko kunnena ya huta.

Titin Dukhan sumul yake, in ka zubar da fura sai ka lashe abarka. Mun tsaya mun sha shayin karak na riyal ɗaya da gurasar paratha mai zafi, amma ban sha mai ba, don na rantse jif ɗin da ƙanshin fetur kawai take tafiya. Bayan mun wuce raƙuman Shahaniya da nisa, muka sauka daga kwalta muka kutsa cikin tsakuwa.

Sai wajen azahar muka same su. Ni da na zaci zan ga duwatsu kamar Dala da Gwauron Dutse, sai ga ƙanana, babbansu bai fi tulu ba. Ɗalibi ya ce ko kaburbura ne, ko kuma da su ake lissafin taurari. Maƙwabcina ya ce majalisar aljanu ce, ya ƙi taka ciki. Ni na ce murhun ƙattin farko ne, masu dafa raƙumi guda a yi karin kumallo. A wata da'irar muka ga gefe ɗaya ya ɗan turo waje kamar wurin liman, muka yarda wannan kam masallacin matafiya ne, muka yi sallah.

Da muka tashi komawa, fitilar mai ta kama. Waya ba sabis, hadari ya rufe rana, iska ta share sawun tayarmu, ruwan sha ya rage rabin gora. Raha ta ƙare.

Na ce, "Ku kwantar da hankali. Ga alƙibla inda wurin liman ya nuna, ga gabas ke nan, Doha kuma gabas take. Yalla!"

Kowa ya yarda, don tun muna yara haka muka san ta. Tsoro ya mantar da mu cewa a Qatar yamma ake kallo.

Muna ta tafiya sai ga ruwa. Na yi kabbara na ce ga tekun Doha. Maƙwabcina ya leƙa ya ce, "Alhaji, to ina benayen?" Daidai nan hadari ya yaye, rana ta fito a gabanmu tana shirin faɗawa teku, jif ta yi tari ta mutu.

Allah da ikonsa, ga tantin wani dattijo Balarabe da 'ya'yansa a gaɓar. Ya ba mu gahawa da dabino da galan ɗin mai, ya nuna mana kwalta nan kusa. Ya ce da gabas ta gaskiya muka nufa, da a tsakiyar sahara man zai ƙare, inda ba kowa.

Mun iso gida bayan isha'i, na sha ruwan da zai ishi raƙumi bakwai. Har yau abokan tafiyata na gardamar abin da duwatsun nan suke. Ni dai na san wanda ya jera su ya yi ne don matafiyi ya fuskanci Ubangijinsa, muka bi a kan kuskure, kuma ya kai mu. Yanzu ko masallacin unguwa zan je, sai na cika tanki.