Leda a Jirgin Shef

Kwantiragina na aiki a Lyon ya kusa ƙarewa, takardun zamana kuma a jikinsa suke rataye, sai shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya gayyace ni hutu. Shi da matarsa sun yi hayar jirgin ruwa, irin wanda iska ke turawa, za su bi ƙauyukan bakin teku a Girka. Wa ya isa ya ce a'a?

Tun ranar farko aka nuna mini makewayin. Wai takardar da mutum ya goge jiki da ita ba a jefa ta ciki, tana toshe bututu. Leda aka rataya, kowa ya zuba tasa. Cikin zafin nan! Abin da ya fita daga makewayin kuma teku yake zuwa, tekun da suke faɗawa wanka, suke ɗaurayar kwanonin abinci. Tir! Na san ruwan teku ya halatta ga alwala, amma zuciyata ta ƙi. Na mai da wata kwalbar roba buta, ina ɗiba daga famfon jirgi, tsarki da alwala, hankalina kwance. Ban san awon ruwan ake yi ba.

Ranar da za mu wani tsohon kufai, wanda shef ya shekara yana mafarkin gani, famfo ya yi tari ya bushe. Dole muka juya neman ruwa, kufan muka hango daga nesa: ginshiƙai tsaye ba rufi. Duwatsu dai. Matar ta ɗaga kwalbata ta ce, "Wanka kake yi sau biyar?"

Da muka tsaya a wani ƙauye, ledar ta cika ta kumbura, kowa ya kau da kai. Ni na kwance ta. Ni, wanda ko kwanonsu na ƙi cin abinci a ciki, na ratsa gaban masu shan kafe da ita, tana ɗiga, ina neman bola.

Da na dawo shef ya dafa kafaɗata, ya ce irina ake so a ekip, wato rukunin ma'aikatansa. An sabunta kwantiragin. Na bugo wa Baba waya, ya ce, "Madalla, ilimi ya yi rana." Na ce masa ƙwarai.