Sukarin Masu Dubiya

Ban yafe wa mutanen ƙauyenmu ba, kuma ba ni da niyya. Da zumunci suka so kashe mini uwa.

Lokacin tsinkar auduga ne, ina shekara goma sha biyu, a ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad, a ƙasar Sudan. Inna ta rame, ba ta ƙoshi da ruwa, ga gyambo a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Hakim, wato malamin asibiti, ya ce ciwon suga ne, in ba a kiyaye ba ƙafar za a yanke. Ya ce ta bar sukari, ta rage kisra, wainar dawar da muke ci kullum, ta koma ganye da wake. To, wannan ai abincinmu ne tun kakanni: kwaɗon rama, zogale, tafasa. Amma Baba tun da ya samu hawasha, gonar hayar nan ta auduga, ya hana dafa ganye a gidansa, wai maƙwabta Larabawa na cewa muna kiwo kamar awaki. Mutumin da aka yaye shi da ganyen nan!

Sai ga masu dubiya. Kowace ta shigo da ƙullin sukari a bakin mayafi, don zuwa hannu rabbana abin kunya ne. A dafa shayi, a miƙa wa marar lafiya kofin farko, a tsaya a kanta. "Sha mana, Hajjo, ko ƙyamarmu kike?" Inna ta sha. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta fi kowa kuka, ta fi kowa cika cokali. Da na ce hakim ya hana, sai ta harare ni: "Ke ɗiyar nan, mi kika sani? Suga ya fita jikinta, da suga za a mayar."

Yau jikokin matan nan na sayen zogale a leda da tsada, suna yi mini bayanin amfaninsa da Larabci. Ni da na koyi karatu da furfura, kallonsu kawai nake, ina tuna Inna da kofi a hannu, ta kasa cewa a'a.

Ranar da gyambon ya fara wari, abin da ya dami Inna guda ne: "Rufe mini ƙafar, baƙi na tafe."

Washegari da safe na kwashe ƙullin sukarin kaf na juye a magudanar ruwan gona. Na tsinko rama cike da ƙwarya, na ɗora tukunya a ƙofar gida, inda Baba da maƙwabtansa za su gani.