Lemun Tsami a Kan Lamba

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ni fataken goro nake bi zuwa Kumasi. Duk dawowa sai na cika wa mutanen Bebeji kunne. Ina da baki, ban taɓa musu ba. In aka zauna a gindin durumin kasuwa sai in fara: can na ga 'yan mata da allon bature a hammata suna tafiya makaranta, na ga ɗakin shan magani a garin da bai kai namu ba, na ga mata sun yi layi da goyo ana yi wa jarirai lamba. Mu fa? Har aka laƙaba mini Sarkin Can.

Wata ranar kasuwa 'yan wata jam'iyya suka zo lacca a kan akori-kura da lasifika. Mai jawabin ya ce da zarar an samu mulkin kai, babu ƙasar da za ta kamo ƙafarmu. Na ɗaga murya na ce, "Malam, waɗanda nake sayen goro a wajensu sun riga mu makaranta, sun riga mu asibiti. Da me za mu wuce su, da lasifika?" Aka yi dariya, wasu suka ce a fitar da ni. Na koma gida ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Bayan 'yan makonni aka yi shela masu lamba sun zo, saboda an ji agana ta ɓulla a kudu. Lamba 'yar tsaga ce ake yi a dantse a ɗiga magani. In ta kama sai ta kumbura ta yi ruwa ta bar tabo, daga nan agana ba ta kama mutum. Rabin unguwarmu suka tura yara gona. Ni kuwa na sa aka fito da kowa a gidanmu: mai ɗakina, ɗanmu ɗan shekara uku, mahaifiyata da muke kira Inna, da 'yar farina mai shekara bakwai wadda Inna take riƙo tun yaye.

Kwana takwas, dantsen mai ɗakina ya kumbura, na yaran ko alama babu. Na tsare ta da tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce muna shiga gida Inna ta yanka lemun tsami ta matse a kan tsagar yaran, ta goge da toka, ta yi wa nata haka. Haka matan unguwa suke yi, wai don kada maganin ya sa yara zazzaɓi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake koya wa kasuwa guda zaman duniya, ashe a tsakar gidana aka wanke abin da lemo! Masu lamba kuma sun tashi, an ce sun nufi Kiru.

Da sassafe na ɗaure ƙaramin a gaban kekena na fita zan bi su a sake masa lambar. Babbar kuwa ban ko dubi ɗakin da take ba. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamaki, amma a wajenmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban manya. Shekara bakwai ban taɓa ambatar sunan yarinyar nan ba, sai dai in ce "ta wajen Inna."

Na wuce gonakin bayan gari, sai na tsaya. Na ce wa kaina, kai, wane irin shashasha ne kai? Ka iya yi wa mai lasifika tsawa, ka kasa buɗe baki a kan 'yarka? Agana ta san kunyar ɗan fari ne? Na juya keken.

Na tarar da Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, yarinyar tana riƙe mata faifai. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya ka dawo?" in ji ta.

"Inna, yarinyar na zo ɗauka. A sake mata lambar."

Ta ajiye rariya. "Wace yarinyar? Kana da 'ya a ɗakin nan ne?"

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi na kira, har matar maƙwabci ta leƙo ta katanga tana salati. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ba ta san ko ta amsa ba.

"Lallai Kumasi ta cinye maka kunya," in ji Inna. "Ɗauke ta. Ka haifa ai."

Maganar ta soke ni, amma na ɗora yarinyar a bayan keke muka tafi.

A Kiru aka ce sun tashi jiya, sun yi Burumburum. Na saya wa yaran ƙosai na ci gaba da tuƙi. Taya ta yi faci sau biyu, wani wurin yashi ya sa na sauka na tura. Yarinyar ta riƙe rigata gam, sai can ta ce, "Baba, ƙishirwa." Ranar ta fara kirana haka. Wasu Fulani suka ba mu ruwa da nono a bakin hanya.

Bayan la'asar muka same su a ƙofar gidan dagaci suna haɗa kaya. Babbansu ya ji labarina ya yi dariyar takaici. Ya ce lemon nan ya fi komai ba su wahala, kuma ba za a daina ba sai ranar da iyaye mata suka yi karatu. Ya sake yi wa yaran. Na ƙi komawa gida sai da muka kwana biyar wajen wani abokin fataucina, na ga dantsen kowannensu ya tasa da idona.

Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Da rani agana ta shigo unguwarmu, ta shiga gidaje da yawa. Yarana ko ciwon kai ba su yi ba. Inna ce ta kwanta. Yarinyar nan ita ta riƙa kai mata kunu tana kore mata ƙuda, har kwana goma sha ɗaya, ranar da Allah Ya karɓi abinSa.

Na ci gaba da surutun makaranta da asibiti a duk laccar da aka yi, na sa yarinyar a makaranta ana zagina, ban fasa ba. Amma na san dantse uku aka goge a gidana, biyu na kai Burumburum. Na iya kiran sunan 'yata a gaban Inna, na kasa ce wa Inna ita ma ta taso mu tafi.