Gwaggo Akanta da Dubu Ashirin da Bakwai

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta shekara ashirin da biyu tana riƙe da littafin kuɗi a wani shagon tayoyi. Ofishinta ɗan lungu ne bayan tulin tayoyin manyan motoci: tebur ɗaya, fanka mai ƙara, da tagar da ba ta rufuwa sai an doke ta. Kowa Akanta yake ce mata, har mijinta in yana jin tsokana.

Ƙarshen kowane wata takan karɓo takardar bayanin asusu daga banki, ta shimfiɗa ta gefen littafinta, tana bi layi-layi da rula. A nan take tsintar cajin banki da ba a shigar ba, ko cakin da mai shi bai kai banki ba tukuna. Ba ta goge kuskure. Layi ɗaya take ja masa, ta rubuta gyara da dalilinsa, ta sa hannu. Takan ce, "Wanda zai gaje ni ba boka ba ne."

Wata shekara 'yarta ta haihu, ta ɗauki hutun mako biyu, littafi ya koma hannun duk wanda ya samu sarari. Da ta dawo, lissafin shago ya ɗara na banki da dubu ashirin da bakwai. Mai shagon ya tara ma'aikata yana huci, ya ce duk wanda aka kama da wannan sakaci shi zai saya wa kowa abincin rana. Mai karɓar kuɗi, wata baiwar Allah mai tsoro, har ta fara share hawaye.

Gwaggo ta jawo littafin gabanta. Ta raba bambancin gida tara, ya rabu cif, ta san ke nan wani ya juya lambobi, don bambancin juyin lamba kullum yakan rabu gida tara. Kafin shayinta ya huce ta gano wurin: an kai banki dubu talatin da shida, an rubuta sittin da uku.

Ta kai wa mai shagon littafin. "Ranka ya daɗe, wannan rubutun mai kama da sawun kaza na wa ne?"

Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. "Biron ne ba shi da kyau."

"To, biron ne zai sayi abincin, ko kai?"

Ranar har mai gadi sai da ya ci da nama biyu. Gwaggo ta shigar da gyaran, a gurbin dalili ta rubuta "juyin lamba" kawai, ta rufa masa asiri.

Bara ta yi ritaya. Mai shagon da kansa ya kawo ta gida a motarsa, suna tafe suna musu a kan farashin taya.