Yaɓen da Ya Tashe Mu

Shekara shida muka yi haya a gidan wani Alhaji a gefen Kura, gidan ƙasa mai ɗaki uku, bayansa dab da hanyar ruwan noman rani. Ina koyarwa a firamare lokacin. Inna, mahaifiyata, ita ce a ɗakin ƙurya, wanda ya fi kusa da ruwan. A yankin nan bango ba ya jiran damina. Da an saki ruwan alkama, danshi zai biyo ta ƙasa ya kama gindin bango, ya yi fari-fari, ya riƙa zuba kamar gari.

Na je wa Alhaji da maganar. Ya ce, "Malam, bari a yanke alkama." Aka yanke. Ya ce sai tumatir ya tashi. Tumatir ya tashi, aka shiga dashen shinkafa. Garin da ake noma rani da damina, yaushe girbi zai ƙare?

Na ce to ya bari in yaɓe da hannuna, ba na neman komai. Nan fuskarsa ta canza. "Kada ka taɓa min bango." Na dawo ina mamaki, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya warware min. A nan, wanda aka saba gani yana yaɓen gida, ranar da rigima ta tashi shaidu cewa za su yi nasa ne. Wato shi ba zai gyara ba, ni kuma ban isa in gyara ba.

Bangon ɗakin Inna ya tsage, tsagar ta buɗe har hannu yana shiga. Inna ta kama tari. Wata safiya wani ɓangaren bango ya faɗo kan dardumarta, ko minti biyar ba ta yi da tashi daga kai ba. Ta share ƙasar da tsintsiya ta ce, "Ɗan nan, ƙyale shi, mu baƙi ne." Wallahi maganar nan ta fi tsagar ƙona min rai.

Ranar Asabar na kwaɓa ƙasa da ɓuntun shinkafa, na yaɓe bangon ciki da waje da rana tsaka. Wautar da na yi ke nan. Duk wanda ya wuce sai ya ce min sannu da aiki, maƙwabta biyu ma har suka sa hannu. Da kaina na tara wa Alhaji abin da yake tsoro.

Alhaji ya kai ni ƙara. A zauren mai unguwa ba wanda ya musa cewa gyara nauyin mai gida ne. Mai unguwar da bakinsa ya faɗa. Sannan ya juyo gare ni: "Amma Malam, an hana ka." Aka ba mu wa'adi, mu tashi da an yanke shinkafa. Wannan girbin kam bai yi latti ba.

Sati biyar Inna ta kwana a busasshen ɗaki. Muka koma wajen Bunkure, inda ba ta san kowa ba, ba mai leƙo ta a gaisa. Ba ta kai wata daminar ba.

Bara na bi ta layin. Sauran gidan duk ya zube, ɗakin nan ne kawai a tsaye, Alhaji yana ajiye buhunan shinkafa a ciki saboda nan ne ba danshi. Shatin yatsuna yana nan a jikin bangon. Na tsaya na ɗora hannuna a kai, sai na tuna an hana ni taɓawa, na janye.