Goron da Talle Bai Kai Ba

Talle ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na haya da ke bayan masallacin unguwa, a Zangon Kumasi. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, sai matarsa Memuna da riguna biyu. Amma babu ƙofar da bai taɓa yi wa sallama ba a Zango.

Ubansa fatake ya biyo daga Katsina neman goro, ya rasu tun yaron yana goye, shi ya sa aka kira shi Talle. A rumfunan goro ya girma, yana zaɓe, yana yayyafi, yana ɗaurin huhu. Da manya suka ga yana da ƙafa kuma ba ya taɓa abin mutane, sai suka fara ba shi goron gayya ya raba. Sannu a hankali abin ya zame masa sana'a.

A Zango ba a gayya da baki kawai. In za a yi suna ko ɗaurin aure, mai gida zai sayi goro ya danƙa wa mai rabo, shi kuma ya bi gida gida. In goro ya shigo gidanka, an kira ka ke nan, ba ka da uzuri. In bai shigo ba, ko da kiɗan a bayan katangarka ake yi, sai ka zauna da mutuncinka. Talle ya san wanda ake kai wa farin goro, ya san wanda ake durƙusa wa kafin a miƙa. Shi kansa ba ya cin goro, wai yana sa masa jiri. Mata kan tsokane shi su ce, “Mai goro da fararen haƙora, anya kuwa?” Sai ya washe musu bakin duka ya wuce.

Babban abokinsa tun ƙuruciya shi ne Sanni direba, mai jan babbar mota tsakanin Kumasi da Salaga. A can Salaga Sanni ya auro Barkisu, mace mai kunya, wadda ba ta da kowa a Kumasi sai mijinta da maƙwabta. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba.

Sai ga zaɓen shekarar hamsin da shida. Yawancin mutanen unguwar suna bayan jam'iyyar da ke da alamar itacen koko, tare da Tonawa, 'yan asalin garin. Kaɗan ne ke bayan mai alamar jan zakara, Sanni yana cikinsu, har ya sa an zana masa zakara a ƙofar mota. Talle kuwa a akwatin koko ya jefa takardarsa, da zuciya ɗaya, don ya ji ana ta cewa in zakara ya ci, za a ce mutanen Zango baƙi ne su tattara su tafi. Shi da ko hanyar Katsina bai sani ba, ina za shi?

Labarin farko ya yi daɗi, koko ya ci Kumasi. Aka yi ta guɗa. Daga nan rediyon shagon Baba Wahabu tela ya shiga kawo na sauran garuruwa, guɗa ta ragu, ta ragu, har ta mutu. Zakara ya kwashe ƙasa. Babbar salla ta faɗo a kwanakin, aka ci nama kamar ana tauna tsumma.

A cikin makon zaɓen Allah ya sauki Barkisu lafiya, ta sami 'ya mace. Uwarta, Inna Lariba, ta taso daga Salaga da tsufanta don ta ga suna. Sanni ya sayi goro mai kyau, ya aika aka kira Talle.

“Ɗan koko, zo ka karɓi aiki,” in ji Sanni, yana dariya. “Kada ka tsallake kowa. In ka je wurin Baba Wahabu ka ce masa ya share hawaye ya zo ya ci nama, zakara ba ya riƙo.”

“Bakinka dai, Sanni. Zakara ma ai ranar salla ake yanka shi.”

“Wannan ya tsallake salla, sai ku jira baɗi!”

Sanni ya buga hannuwa a cinya ya yi cara. Wasa ne irin nasu, Talle ma ya yi dariya, amma carar ta tsaya masa a ƙirji. Ya zuba goron a jakarsa ya fita.

Shagon Baba Wahabu ya fara nufa, don nan manyan unguwa ke zama da la'asar, zai sallami mutum goma a zama ɗaya. Ya tarar da su jugum. Keken ɗinki a rufe, rediyo a kashe.

“Mun ci gida, an cinye mu a dawa,” in ji Baba Wahabu.

“Ba cin tsakani da Allah ba ne,” in ji Osmanu mahauci. “Ni fa na fara tunanin wanda zan sayar wa teburina, kafin a ce mu bar gari.”

Suna cikin haka wata mota ta wuce ta hanyar kasuwar Kejetiya cike da samari, sun bulbule kansu da farar hoda, suna cara suna nuna shagon da yatsa. Osmanu ya miƙe tsaye.

“Wallahi duk wanda ya taka gidan ɗan zakara, kada ya ƙara zama a kan tabarmar nan!”

Ba wanda ya ce ya yi zafi. Baba Wahabu ya juyo, ya ga jaka tsakanin ƙafafun Talle.

“Talle, goron wa ka kawo mana?”

Talle ya dubi fuskokinsu, ya tuna carar Sanni.

“Ba na kowa ba ne, Baba. Saura ne.”

Ya gaya wa kansa cewa gobe zai bi su ɗaya bayan ɗaya in sun huce. Da gari ya waye ya kai wa liman, ya kai wa 'yan gidajen zakara da ba su cika hannu biyu ba. Ya zo ƙofar Osmanu ya tsaya, ya wuce. Ya zo ta Baba Wahabu, ya wuce. Tsoro ne ko haushi, shi kansa bai taɓa iya rabe su ba. Ya koma ɗaki ya tura sauran goron ƙarƙashin gado.

Ranar suna Sanni ya aro tabarmi daga masallaci ya shimfiɗe ƙofar gida har bakin hanya. An yanka rago, an tuƙa tuwo, an dafa shinkafa da wake tukunya tukunya. Liman ya zo, wanzami ya zo, mutanen zakara suka zauna a gefe guda kamar masu jiran mota. Rana ta ɗaga, tabarmi suna nan wayam. Matan maƙwabta ma ba su shigo ba, don mazansu sun ce tun da goro bai zo ba, kowa ta kama kanta.

Sanni ya ja Talle gefe. Babu dariya a fuskarsa.

“Ka kai wa Baba Wahabu?”

“Na kai.”

“Hannu da hannu?”

“Hannu da hannu.”

Sanni ya gyaɗa kai. Aka raɗa wa yarinya Ayishatu, aka shafa fatiha, muryoyi kaɗan suka amsa. A cikin gida Inna Lariba ta dubi tukwanen da ba a taɓa ba, ta dubi 'yarta.

“Barkisu, haka kike zaune a cikinsu? Me kika yi musu?”

Barkisu ta fashe da kuka. Da yamma aka ɗora abincin a mota aka kai wa 'yan dako a Kejetiya. Tsohuwa ta koma Salaga tana kuka, tana cewa ta bar 'yarta cikin maƙiya.

Daga ranar gaisuwa ta yanke. Gidan Sanni suna cewa unguwa ta karɓi goronsu ta ƙi zuwa. Unguwa tana cewa Sanni ya ci zaɓe, ya ga ba su isa ya ba su goro ba. Da ɗaya ya buɗe baki ya tambayi ɗaya, da magana ta ƙare, amma a lokacin nan wa ke tambayar wa? Barkisu ta daina zuwa famfo sai ta ga babu kowa.

Goron nan kuwa Talle ya kasa zubarwa, ya kasa sayarwa. Kullum sai ya jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya yayyafa masa ruwa, ya sake masa ganye, kamar har yanzu akwai inda zai kai shi. Memuna ta ce, “Malam, wannan goron na wane biki ne da ba ya zuwa?” Ya ce ta ƙyale shi. Da sankara ta cinye goron, ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne. Ya rame. In ya hango motar Sanni sai ya sake hanya. Sanni ya ɗauka shi ma ya bi sahun unguwa ne.

Aka sami mulkin kai, aka yi shagali, mai murna ya yi, mai ƙunci ya yi. Bayan nan kaɗan Baba Wahabu ya tashi aurar da 'yarsa. Ya kira Talle ya miƙa masa goro, ƙafarsa tana kan keke.

“Ka bi ko'ina. Gidan Sanni kawai za ka tsallake, yadda ya tsallake mu.”

Talle ya riƙe ƙwaryar goron. Ya durƙusa.

“Baba, Sanni bai tsallake ku ba. Ya ba ni naku. Yana cikin jakata ranar da kuka tambaye ni na ce saura ne.”

Keken ya tsaya. Baba Wahabu ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

“Barkisu baiwar Allah ta yi girki, muna jin ƙanshi muna zaginsu. Kai, Talle! Ba ni za ka gaya wa ba. Inda kowa zai ji za ka faɗa.”

Bayan sallar la'asar, kafin mutane su sa takalma, Talle ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa, bai rage komai ba. Osmanu, wanda ya yi rantsuwar, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen zaginsa. Sanni bai zage shi ba. Da ma ya zaga, da ya fi sauƙi.

“Hannu da hannu ka ce mini, Talle,” in ji shi a hankali. “Ni namiji ne, na shanye. Je ka gaya wa wadda ta yi girkin.”

Barkisu ta saurare shi daga bayan labule, Ayishatu tana rarrafe a tsakar gida. Da ya gama sai ta ce:

“Yaya Talle, nawa na yafe, don ni ma ina neman gafarar Allah. Amma Inna ta rasu watan jiya. Har ranar da za ta cika tana cewa a je a ɗauko ni, kada a kashe ni a Kumasi. Nata ba a hannuna yake ba.”

Wannan magana ita ta karya Talle. An yi auren gidan Baba Wahabu, Sanni ya zo, an ba shi wuri a gaba, mata suka koma shiga wurin Barkisu. Amma wani ne ya raba goron, kuma daga nan ba wanda ya ƙara kiran Talle. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce mai rabo da ya taɓa ɓoyewa, ko shi ba zai ba shi ba. Ya koma ɗaukar kaya a tashar Res Kos, da shekarunsa, cikin samarin da ya raba goron sunansu.

Abin da ya fara tarawa a dako, kuɗin mota ya yi da shi zuwa Salaga. Bai shiga ta Sanni ba, ko da yake Sanni ya ce ya zo kyauta. Ya nemi gidan su Barkisu, ya zauna a gaban yayyenta maza ya ce musu, “'Yar'uwarku ba ta da maƙiyi a Kumasi. Ana sonta. Ni kaɗai na hana mutane zuwa.” Babban ya ce, “Ka zo a makare, bawan Allah.” Duk da haka suka ba shi ruwa, suka raka shi maƙabarta suka nuna masa kabarin Inna Lariba. Ya tsuguna a nan har rana ta juya.

Ya dawo da tari, tarin bai sake shi ba. Ya tambayi liman ko akwai yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya tafi. Liman ya ce sai dai addu'a. Tun daga ranar ba ya sallame salla bai ambaci Inna Lariba ba, kafin ubansa, kafin kansa. Da ciwo ya kwantar da shi, Sanni ke kawo magani daga unguwar Adum, ya zauna a bakin gado yana tsokanarsa da ɗan koko don ya ga ko zai yi dariya. Wani lokaci yakan yi. Amma in Sanni ya ce masa komai ya wuce, sai ya girgiza kai ya ce, “Naka ya wuce. Tsohuwar nan ba ta ji ba.”

Mutumin kirki ne, ya yi kuskure sau ɗaya, ya ɗauke shi a ka har kabari bai nemi a taya shi ba. Wanda zai yi masa addu'a, ya fara da Lariba ta Salaga, domin shi ma da ita yake farawa. Allah ya haɗa su inda za ta ji bayaninsa, ya sanyaya zuciyarta a kansa.